Littafin salula: in an saya, ana mayarwa?

Ƙanwata ta same ni a gida, nan unguwar Zariya ta Maradi, bayan la'asar, salula a hannu, fuska a murtuke. Wata uku da suka wuce ta tura dala ɗari, wato sefa 500, ga wata marubuciya da ke can ƙetaren iyaka, aka saka ta a guruf ɗin WhatsApp na waɗanda suka biya, ana turo musu labari kashi-kashi kowane dare. Labari ya kai daidai inda amarya za ta gano abin da uwar mijinta ta binne a bayan ɗaki, sai marubuciya ta yi ɗif. Mako biyu, mako shida, ba ci gaba ba bayani.

"Yaya, kai da kake sayen littafi a wajen Turawa, su ma haka suke yi? In littafi bai cika ba, ba a mayar wa mutum kuɗinsa?"

Na ce mata amsar tana da tsawo. Ta ce ita ma dala ɗarinta ba a ƙasa ta tsince ta ba, in yi ta bayani tana ji. Ga abin da na faɗa mata, da ragowar da ban samu faɗa ba don magariba ta kawo jiki.

Mu mutanen Maradi ba a koya mana ciniki. In ka sayi turmin atamfa a babbar kasuwa, ka kai gida ka warware ka tarar da huda ko rini ya zuba, ka koma da shi, mai shago mai mutunci zai canja maka ko ya ba ka kuɗinka. In kuwa ka riga ka kai wa tela ya sa almakashi, magana ta ƙare. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowa ya san ta, kuma tana tafiya daidai saboda dalili guda: kayan da ka mayar ya bar hannunka, ya koma hannun mai shi, zai iya sayar wa wani. Littafin takarda ma haka yake. Shi kuwa littafin salula, wanda ake saukewa ta intanet a karanta a waya ko kwamfuta, ya karya wannan lissafi. Mai sayarwa bai rasa komai a shagonsa ba lokacin da ka saya, don kwafi aka ba ka. In ka ce ka mayar, babu abin da ya ƙaru a shagon. Abin da ka biya dominsa shi ne karatun, kuma wanda ya karanta labari ba ya iya kwashe shi daga kansa ya miƙa wa mai shi.

Shi ya sa duk rigimar da ake yi kan mayar da kuɗin irin wannan littafi take tasowa daga cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne. Akwai wanda yatsarsa ta zame ya saya bisa kuskure, ko yaro ya ɗauki wayar ya danna. Akwai wanda ya saya ya tarar da aibi: fayil ba ya buɗewa, babi biyu sun ɓace, an tallata bugun Faransanci aka turo na Turanci. Sai na uku, wanda ya karanta tas, labari bai yi masa daɗi ba, ko ya yi masa daɗin ma amma yana ƙyashin kuɗinsa. Dukkansu da baki ɗaya suke magana, "a mayar mini da kuɗina", alhali ba haƙƙi ɗaya gare su ba.

Malamanmu na zaure sun daɗe da rarrabe wannan, tun babu salula. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa ciniki bisa zaɓi ya halatta in an yanka masa ajali na kusa, gwargwadon lokacin da za a iya jarraba kayan. Malaman Malikiyya ma sun kimanta: gida kamar wata guda, dabba ko tufa kamar kwana 3. Zaɓin aibi kuma daban yake, shi ba ya jiran sharaɗi, da zarar aibin da aka ɓoye ya bayyana mai saye yana da damar mayarwa. Sannan ga iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware ciniki don kawai mai saye ya yi nadama. Wannan kyautatawa ce da hadisi ya kwaɗaitar a kanta, ba a tilasta wa kowa. Amma misalin da ya fi zauna mini a rai shi ne na dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai sayen yana da zaɓi bayan ya tatsa, ya riƙe ta ko ya mayar, amma in zai mayar sai ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. A duba fa, nan mai sayarwa ne ya yi algus, duk da haka ba a bar mai saye ya sha nono a banza ba. Fatawa ta malamai ce, ni dai misalin nake ara: littafin da aka karanta nono ne da aka riga aka sha.

Yanzu mu leƙa manyan shagunan. Amazon, wanda ya fito da na'urar karatu ta Kindle a shekarar 2007, ya sa kwana 7 a shagonsa na Amurka. Cikin wannan wa'adi mai saye zai shiga asusunsa ya danna neman mayarwa, littafin ya fita daga na'urarsa, kuɗi su koma katin da ya biya da shi. Akwai dalilin wannan sassauci. Shi Amazon ne ya shahara da saye da dannawa ɗaya tak, babu "ka tabbata?", don haka kuskure ya zama ruwan dare, dole a bar ƙofar gyara. Kuma in shagon ya ga mutum ya mayar da mayarwa sana'a, yana iya toshe masa wannan dama.

Shekaru da yawa ba a kula da nawa mutum ya karanta kafin ya mayar ba. Sai a 2022 wasu masu karatu suka shiga TikTok suna koya wa juna dabara: ka saya, ka cinye littafi cikin mako, ka mayar, ka karɓi kuɗinka, kamar ɗakin karatu na kyauta. Yawancinsu sun ɗauka aljihun Amazon suke taɓawa, kamfanin da ba zai ji a jikinsa ba. Ashe aljihun marubuci ne. Marubucin da ya wallafa da kansa a shagon Kindle yana samun kashi 70 cikin 100 in farashin littafinsa yana tsakanin dalar Amurka 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan kuma kashi 35. Littafin 4.99 ke nan yana kawo masa kusan 3.49, kafin a cire ɗan kuɗin isar da fayil. Da zarar an mayar da littafin sai a zare wannan kaso daga lissafinsa. Har aka samu marubutan da suka buɗe asusunsu suka ga lissafi ya koma ƙasa da sifili, su da suka rubuta littafi su ake bi bashi. Ƙungiyar marubutan Amurka, Authors Guild, da takwararta ta Ingila, Society of Authors, suka tasa kamfanin a gaba. A watan Satumba na 2022 Amazon ya amince ya canja: dannawar mayarwa kai tsaye sai ga wanda bai wuce kashi 10 cikin 100 na littafin ba. Wanda ya wuce nan sai ya yi magana da ma'aikatan shagon, su duba dalilinsa.

Wannan kashi 10 yana da ma'ana. Kusan daidai yake da ɗanɗanon da shagon ke bayarwa kyauta, don kusan kowane littafin Kindle ana iya sauke farkonsa a karanta kafin a biya. Kamar mai ƙuli-ƙuli ce ta ba ka ɗaya ka ɗanɗana. In ka ɗanɗana ka ce a auna maka, ka cinye rabin kwano, sannan ka ce gishiri ya yi yawa, kai ma ka san amsar da za ta ba ka.

Irin wannan rigima ta riga faruwa a Audible, reshen Amazon mai sayar da littattafan sauraro. Can har kwana 365 ake ba mamba ya musanya littafi, kuma ana zare kason marubuci. Bayan ƙorafin ƙarshen 2020, daga Janairun 2021 kamfanin ya ce duk littafin da aka mayar bayan kwana 7 da saye, marubuci zai riƙe kasonsa. Sauran shagunan kowa da kiɗansa. Google Play yana karɓar neman mayarwa cikin kwana 7, ya tsawaita wa'adin in littafin ba ya aiki, amma littafin haya ba ya mayaruwa. A Apple kana kai kukanka ne ta shafin ƙorafi, su duba su yanke. Barnes & Noble na Amurka kuwa bai wahalar da kansa ba, a ƙa'idarsa littafin Nook, wato littafinsa na salula, in an saya an saya.

Ɗalibanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sauran masu karatu da Faransanci sukan ji ana cewa a Faransa mai saye ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ba tare da ya kawo dalili ba. Gaskiya ne, dokar Tarayyar Turai ce ta 2011. Sai dai dokar da kanta ta yanke wa kayan saukewa hukunci na daban: in mai saye ya yarda a fili a ba shi kayan nan take, ya kuma amsa cewa ya san da haka damar fasawarsa ta faɗi, to ta faɗi. Ɗan akwatin nan da ake sa wa alama kafin biya, wanda ba mai karanta abin da ke gefensa, sau da yawa shi ke nan. Abin da ba ya faɗuwa shi ne haƙƙin aibi: in fayil ya lalace ko bai dace da abin da aka tallata ba, mai sayarwa zai gyara, ko ya rage farashi, ko ya mayar da kuɗi. Ka ga Bature ma da ya zaga ya zaga, inda malaman zaure suka tsaya nan ya tsaya. Amma kada wanda ke zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo ya ɗauka wannan doka tana biye da shi har ɗaki. Don mazauna can aka yi ta. Abin da zai yi aiki a kanka shi ne sharaɗin da shagon ya rubuta wa ƙasar da ka yi rajista da ita.

Ko an yarda za a mayar maka, akwai sauran lissafi. Kuɗi katin da ya biya suke komawa, to in katin abokinka na banki ka ara, sai ka bi shi. Yuro ba ya motsi a kan sefa, yuro 1 sefa 655.957 ne, don haka littafin yuro 9.99 kusan jika 6 da rabi ne, ranar saye da ranar mayarwa duk ɗaya. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka, kuma abin da banki ya yanka na canji ba lallai ya dawo tare da uwar kuɗin ba.

Akwai wani ɓangare da masu shago ba sa son a daɗe a kansa, wato mayar da kuɗin da ba kai ka nema ba. A watan Yulin 2009 masu Kindle a Amurka suka wayi gari littafin 1984 na George Orwell ya ɓace daga na'urorinsu. Wanda ya sa shi a shagon ba shi da izinin sayar da shi, sai Amazon ya miƙa hannu daga nesa ya goge, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Hayaniya ta tashi har Jeff Bezos, shugaban Amazon a lokacin, ya fito ya ba da haƙuri. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa a watan Yuli, aka mayar musu da kuɗi. Mai shagon takarda ba zai iya shigowa ɗakinka da dare ya ɗauke littafin da ya sayar maka ya ajiye kuɗi a kan tabarma ba. Na salula yana iyawa, domin a takardar sharaɗi abin da ya sayar maka izinin karatu ne, fayil ɗin kuma yana da kwaɗo, mabuɗin na hannunsa. Kotun Tarayyar Turai ta ƙara tabbatar da bambancin a watan Disamban 2019, a shari'ar wani shagon Holan mai suna Tom Kabinet, inda ta ce ba a sayar da littafin salula na hannu ba tare da izinin mai haƙƙinsa ba, yadda ake sayar da tsohon littafin takarda. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka da ta fara aiki a Janairun 2025, mai tilasta wa shaguna su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake karɓa in sun rubuta masa "saya". A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littafin Kindle a kwamfuta a ajiye. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Mu ma abin bai yi mana nisa ba: OkadaBooks na Najeriya, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara 10 yana aiki.

To, duk wannan labarin masu katin banki ne, kuma su ne 'yan kaɗan a garin nan. Kasuwar littafin salula ta gaske a Maradi tana cikin WhatsApp da Telegram. Marubuciya, galibi daga Kano, Katsina, Kaduna ko Sakkwato, wani lokaci daga nan gida, ta saki shafukan kyauta, labari ya kama mutane, sai ta sanar cewa daga nan littafin kuɗi ne. 'Yan Najeriya su tura naira ta banki, 'yan Nijar a ba su lamba su tura katin waya ko su bi ta kamfanin aiken kuɗi na Nita da makamantansu, a tura shaidar biya, a shiga guruf. A saman kowane kashi za ka ga gargaɗi da manyan baƙaƙe: wanda ya karanta bai biya ba ban yafe ba, wadda ta fitar mini da littafi Allah ya isa. Ina tare da su a wannan, don wahalar rubutu da babban yatsa a kan waya, da kuɗin caji da na data, ba wasa ba ne, kuma mutum ɗaya in ya tura fayil waje ya kashe kasuwar gaba ɗaya. Abin da na daɗe ina nema a saman shafukan nan ban cika gani ba shi ne ɗaya rabin maganar: in ni na biya, ke kuma ba ki kammala ba, ina matsayin kuɗina?

A nan kasuwarmu ta sha bamban da ta Amazon, kuma bambancin ya juya nauyin. Can littafi kammalalle ne kafin a sa masa farashi, kuma shago yana da ikon zare shi daga na'urarka, don haka wanda ake tsoron a cuta shi ne marubuci. Nan kuwa sau da yawa ana biya ne labari yana rabi, cinikin biri a sama, ba mai shiga tsakani, ba dillali, ba wanda ya riƙe kuɗin amana har a cika aiki. Mai karatu ke ɗauke da kasadar rashin kammalawa. Marubuciya kuma in ta turo fayil na PDF ba ta da hanyar karɓe shi, saboda haka in ta mayar da kuɗi ta yi asara biyu. Kowa yana tsoron kowa, sai aka zauna a kan "ba a mayarwa" ba tare da an furta ba.

Ni a ganina bai kamata a zauna nan ba. Wadda ta karanta shafukan kyauta ta biya, sannan labari ya juya inda ba ta so, jarumar ta auri wanda ba shi take goyon baya ba, ba ta da abin nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ta tura kuɗi sau biyu bisa kuskure, ko aka turo mata fayil da ba ya buɗewa, ko littafi na ɗaya aka turo alhali na biyu ta biya, a gyara mata nan take, in gyara ya gagara a ba ta kuɗinta. Wadda kuwa ta biya kuɗin labari sukutum aka ba ta rabi, ita ce mai ƙarfin hujja a cikinsu duka. Rashin lafiya, haihuwa, rasuwa, satar waya, duk suna faruwa kuma ana yi wa mutum uzuri, amma uzuri sai an faɗe shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In askin ya gagara, a yi lissafin nonon da aka sha: an karanta rabi, a mayar da rabi, ko a ba mutum wani littafin in ya yarda.

Layi huɗu a saman shafin farko sun isa su kashe yawancin wannan fitina. Littafin nan an gama rubuta shi ko ana kan rubutawa. Kashi nawa ne, kuma sau nawa za a riƙa turowa a mako. In ya tsaya fiye da kwana kaza me za a yi wa waɗanda suka biya. Sai na huɗu, wanda ya shafe mu 'yan wannan gefen iyaka: da wane kuɗi za a mayar. Tun da aka sakar wa kasuwa farashin naira a 2023 canjinta da sefa ba ya zama wuri ɗaya, wanda ya biya sefa 500 a watan Rajab, in aka lissafa masa da naira a watan Shawwal, ba lallai dala ɗarinsa ta dawo cikakkiya ba. Ga kuma ladan aike, wanda kan ƙaramin kuɗi irin wannan yana iya cin wani kaso mai kauri. Shi ya sa sau da yawa musanya da wani littafi ta fi mayar da tsaba sauƙi ga kowa. Tsofaffin masu hayar littattafan Hausa sun san wata mafitar tuntuni, a biya kuɗin karatu kawai, littafi ya koma gidansu. Amazon ma ya bi wannan hanya da Kindle Unlimited a 2014, kuɗin wata-wata, kuma tun 2015 yana biyan marubuta gwargwadon shafukan da aka karanta, ta yadda wanda ya ajiye littafi a tsakiya bai cuci kowa ba.

Wani abu guda da ba zan saka a wannan lissafi ba shi ne masu tallar fayilolin littattafan makaranta da na addini waɗanda ba su suka rubuta ba, ba su suka wallafa ba, sun kwafo ne kawai suna karɓar dala ashirin-ashirin. Wanda ya saya a wurinsu ya tarar shafuka sun ɓace, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ƙanwata dai ta rubuta wa marubuciyar ta lambarta, ba a cikin guruf ba, ta yi sallama, ta tambayi lafiya, sannan ta kawo maganar. Bayan kwana 4 amsa ta zo: "Wallahi 'yar'uwa ki yi haƙuri, jinyar mahaifiyata nake yi a asibiti." Ta ba ta zaɓi, ko ta jira bayan sallah, ko a turo mata wani tsohon littafinta kammalalle a madadin. Ƙanwata ta karɓi tsohon littafin, ta yi wa mai jiki addu'a, amma ta roƙi kada a cire ta daga guruf ɗin, don har yanzu tana son ta san abin da aka binne a bayan ɗakin nan.